Daga Samaru zuwa gona: ina binciken Najeriya ke maƙalewa?

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani da Aminu, kuma tambayarmu ita ce: da wane ma'auni za a auna harkar kimiyya da ƙere-ƙere a Najeriya? Malam, bismillah.

Malam Sani: To, masu awo da kuɗi suke farawa. Tun a 1980, a taron Legas, shugabannin Afirka suka amince a riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don kimiyya da bincike. Har yau Najeriya ko rabin haka ba ta kai ba.

Aminu: Amma Malam, ai akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Harajin ilimi na kamfanoni ya tashi daga kashi 2.5 zuwa kashi 3 a 2023.

Malam Sani: Akwai, kuma ya yi gine-gine, ba na musu. Sai dai ɗakin gwaji ba ya aiki babu wuta. Ka kuma tuna yajin aikin ASUU na 2022, wata 8 jami'o'i a rufe. Wanda ya shuka gwaji a fili, damina ba za ta jira shi ba.

Binta: Ni abin da ya fi damuna ba ƙarancin cibiyoyi ba ne. Zariya kaɗai ku duba: cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, ta dabbobi ta NAPRI a Shika, ga ta fatu da ƙiraga. A Vom ana yin allurar rigakafin dabbobi, a Maiduguri ana aikin alkama da gero. Masana muna da su.

Malam Sani: Yauwa, Hajiya, kin zo wurin. Ɗauki waken SAMPEA 20-T da Samaru ta fitar a ƙarshen 2019. Tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cinsa, manomi zai rage feshi sosai. Aiki ne na shekaru. To amma ki je kasuwar ƙauye lokacin shuka, ki tambayi mai sayar da iri ko yana da shi, ki tambayi manomi yaushe rabonsa da ganin malamin gona. A nan ne igiyar ke tsinkewa. Irin da bai kai hannun manomi ba, ina amfaninsa ga mai jin yunwa?

Aminu: Haka aka yi da Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa daga tsirranmu. Aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi a 2002, kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace a kasuwa shekaru, alhali babu ƙasar da ta kai mu yawan masu sikila.

Binta: Wallahi wannan labarin yana ci mini rai. Iyaye na ta fama da yara a asibiti, ga magani an gano a gida.

Aminu: Shi ya sa nake ganin a daina auna malamin jami'a da yawan takardun da ya buga kawai. A tambaye shi masana'anta nawa ke amfani da abin da ya gano.

Malam Sani: A nan kam zan ɗan ja da kai, Aminu. Wani binciken sai bayan shekara 20 ake cin moriyarsa. Kuma malami ba ɗan kasuwa ba ne. Masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da yawa sun rufe, wa zai sayi fasahar tasa? Mai awon da bai leƙa ɓangaren masu saye ba, rabin aiki ya yi.

Binta: Kenan a mako mai zuwa sai mu gayyato mai kamfanin iri, mu ji me ke hana shi ɗauko na Samaru da yawa. Malam Sani, Aminu, mun gode. Masu sauraro, a huta lafiya.