Milimita uku na ruwa a kan titin jirgi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa tuƙi cikin ruwan Agusta ya san lokacin da sitiyari ke yin sako-sako a hannu, ka taka birki motar ta ƙi ji. Haka ke faruwa da jirgi, sai dai shi yana dira da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Ruwa kan kutsa tsakanin taya da kwalta ya ɗaga ta. Birki kuwa, komai kyansa, ba ya aiki sai taya ta kama ƙasa.

A shekarun 1960 injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a cibiyarta ta Langley, ciki har da Walter Horne, suka gano cewa gudun da taya ke fara sulɓewa a kan ruwa ya dogara ne da yawan iskar da ke cikinta. Binciken ya kai ga tsaga titin jirgi da zarto, aka gwada a tsibirin Wallops a 1968. In kun samu dama ku duba da idonku: 'yan ramuka ne a gicciye, faɗinsu da zurfinsu milimita 6, tazararsu milimita 38, ta nan ruwan ke zurarewa.

To yaya ake auna santsi? Mota ke jan wata 'yar tirela mai taya, tana fesa ruwa mai kaurin milimita ɗaya a gaban tayar, tana gudun kilomita 65 a awa, na'ura na rubuta yadda tayar ke kama ƙasa. An fi damuwa da wurin da jirage ke dira, domin robar taya na liƙewa a can ta yi baƙi ƙirin, ta toshe ramukan.

Ranar 17 ga Yuli, 2007, jirgin kamfanin TAM ƙirar Airbus A320 ya sauka a filin Congonhas na birnin São Paulo a Brazil, titi a jiƙe. Ya kasa tsayawa, ya tsallake babbar hanya ya afka wa wani gini, mutum 199 suka rasu. Babban dalili shi ne an bar injin ɗaya yana tura jirgin gaba, amma titin ma sabuwar kwalta ce da ba a tsaga ba tukuna. Har yanzu abin na ci mini rai.

Tun Nuwamban 2021 ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta sa ƙasashe su bi ma'auni ɗaya na bayyana yanayin titin jirgi, har da filayenmu na Kano da Yamai. Ana raba titi kashi uku, a ba kowane kashi lamba daga 0 zuwa 6. Busasshe 6 ne. Jiƙaƙƙe, in ruwan bai wuce milimita 3 ba, 5. Da ya wuce haka sai ya faɗo 2, matuƙi ya sake lissafin nisan tsayawa, wani lokaci ma ya fasa sauka. Ku da za ku yi wannan aiki, ku ne za ku fita cikin ruwan ku durƙusa ku auna, lambar da kuka faɗa ita za a karanta wa matuƙi ta rediyo.