Bindigar Iska Ta Lalace: A Aika Ta Turai Ko A'a?

Nura: Jama'a barkanmu da war haka, daga nan Samaru. Kawu Bala, tun makon jiya maganar nan ta ƙi mutuwa a zaurenmu na WhatsApp.

Maryam: Ta ɗan'uwanmu mai wasan harbi? Wanda bindigarsa ƙirar Steyr ke zubar da iska?

Nura: Ita fa. Ya ce ya cika tukunyar iskar bindigar da daddare, gari na wayewa allurar ma'aunin iskar ta sauka ƙasa. Yana so ya aika ta kamfanin a Ostiriya.

Kawu Bala: To ku tsaya. Ni abin da ya dame ni ba fitar ba ce, dawowar ce. Duk wanda ya yi magana a zauren, kuɗin jirgi yake lissafawa. Babu wanda ya buɗe jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su kwata-kwata. Ku je ku duba, ƙaramar bindigar iska ce ta farko a jerin. Ta farko! Ranar da kamfani ya gama gyara ya turo maka, a idon jami'in da ke filin jirgi shigo da ita ake yi, ko da shekara goma ta yi a ɗakinka.

Maryam: Ko kana da lasisi, Kawu?

Kawu Bala: Lasisin riƙewa daban, izinin ƙetare iyaka daban, 'yata. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Wannan na ajiyewa ne a hannunka. Shigo da kaya irin wannan kuma akwai takardar shaidar mai amfani da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ke bayarwa. Shi ya sa nake cewa kada mutum ya yi gaban kansa, ya bi ta ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa, kome ya kasance a rubuce kafin akwatin ya bar Zariya.

Nura: Ni na taɓa zuwa wani kamfanin aika kaya a Kaduna in yi tambaya kawai. Ina cewa "bindiga" matar ta ja kujerarta baya, ko bayanin ba ta bari na ƙarasa ba. Raina ya ɓaci ranar.

Kawu Bala: Ai da dalilinta. Matsin iskar da ke cikin tukunyar nan ya kai bar 200 a ma'aunin matsi, a jirgin sama kaya ne mai haɗari sai an juye ta tas. Kuma a duba kwanan watan da aka buga a jikinta, don a dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, in ta wuce shekara 10 ba ka shiga gasa da ita.

Maryam: Kun san abin da na tuna? 'Yan bindigar Sarki ranar Hawan Daushe. Ina yarinya, kakana ya kai ni wajen maƙerin da ke gyara musu bindigar toka a cikin Birni. Ya kwance ta a kan buhu, ya jera kowane ƙarfe, ya goge da tsumma da man gyaɗa.

Nura: Ƙarar nan har cikin ƙirji kake jin ta! Dawakai na zabura, hayaƙi ya rufe ƙofar fada.

Maryam: Warin albarushin kuma sai ya kwana a rigarka.

Nura: Wasu har ganga biyu suke ɗurawa...

Kawu Bala: Ku dawo, ku dawo. Amma Maryam kin taɓo inda ke min ciwo. Hannu muna da shi a garin nan. Yawancin zubar iskar nan 'yar roba ce da ba ta kai zoben jariri ba, ta bushe ta tsage, ga hunturunmu da ƙura. Saboda ita mutum zai jefa kayan da ya yi shekaru yana tara kuɗinsu cikin wannan haɗari? A rubuta wa kamfanin, a ba su lambar bindigar, a tambayi robobin da takardar zanen kayan ciki. Abin da ba zan yarda a taɓa da ka ba shi ne kunama, musamman ta bindiga ƙirar Morini, kunamar da ke aiki da batir. Dole nauyinta ya kai giram 500, in an kwance ta ba ma'auni, a wajen tantancewa za a mayar da kai. Kuma kada kowa ya ɗiga man inji kusa da iska mai matsi irin wannan, yana iya kamawa da wuta.

Nura: Mun yi niyyar lissafa kuɗin kamfanonin bindiga na Walther da Feinwerkbau a Jamus, ga shi an fara kiran la'asar.

Maryam: Sai mako mai zuwa. Ɗan'uwa, ka turo mana hoton jikin tukunyar tukuna, Kawu ya ga shekarar.