Amsoshin Tambayoyinku: ruwan damina da magudanan Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Saƙonnin da munka samu wannan makon kusan duk kan ruwa suke, to bari mu shiga kai tsaye.

Wani bawan Allah daga Mabera ya rubuto, ya ce shi da kuɗinshi ya cike ƙofar gidanshi da ƙasa ya ɗaga ta ya zuba siminti, to mi ya kawo maganar hukuma da izinin gini a ciki? To malam, ruwan da ka kora daga ƙofarka ina ya nufa? Gidan maƙwabcinka ya faɗa, shi ma baɗi ya ɗaga tashi ta fi taka, a haka a haka har layin ya koma rafi, wanda bai da kuɗin siminti shi za ya kwana yana kwalfe ruwa daga ɗaki da 'ya'yanshi. Lambatu bai aiki sai ya haɗe tun daga ƙofar gida zuwa babbar magudana har ya kai gulbi, kuma da gangare daidai, in mutum ɗaya ya kafa shago a kai ko ya toshe shi don mota ta samu hawa, duk waɗanda ke sama da shi sun shiga uku. Wannan ba abin da mai gida ɗaya ke yanke ma kanshi ba ne, dole a samu mai cewa ga faɗin kwata, ga zurfinta, ga tazarar da za ka bari tsakanin katangarka da titi. Kuma dokar tana nan fa, akwai ta tsara birane ta ƙasa tun 1992, ga dokar filaye ta 1978 da ta sa filayen birni hannun gwamna. Inda ni nike da ƙorafi shi ne a shafa ma katangar talaka jan fenti, mai hali kuma ya dasa bene kan hanyar ruwa a ɗauke kai.

Wata Hajiya daga Runjin Sambo ta ce, garin da ke bakin hamada ina shi ina ambaliya? Hajiya gaskiyarki ruwanmu bai da yawa, wajen milimita 600 zuwa 700 ne a shekara, Legas ta ninka mu. Amma namu cikin wata huɗu yake sauka, Yuni zuwa Satumba, Agusta ta fi, kuma sau da yawa a awa ɗaya ake sheƙa shi. Da can ƙasa na shanyewa, sauran ya taru a kududdufi. Yanzu tsakar gida siminti, rufi kwano, kududdufan an cike su da shara dillalai sun yanka fuloti sun saida, kwatar da ta rage kuma ta cika da yashi da ledar fiya wata. Ruwan da ya kwanta nan sauro ke ƙyanƙyasa, in ya haɗu da masai ya gangara rijiya sai amai da gudawa, Allah ya kiyaye.

Sai wani ɗalibi da ya ce ai duk laifin dam ɗin Goronyo da ke kan gulbin Rima ne. A'a ɗan'uwa, kar a haɗa. Ambaliyar Satumbar 2010 da gulbin Rima ya cika ya karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wannan ambaliyar gulbi ce, maganinta kula da sakin ruwan dam da hana gini cikin fadama da sauraren hasashen hukumar yanayi ta ƙasa (NiMet) da hukumar lura da ruwan gulabe (NIHSA). Wanda ke shiga ɗakinka bayan ruwan dare kuwa daga rufinku da titinku ya fito, dam bai san da shi ba.

Ɗalibin ya kuma tambaya, to mai son sayen fili fa? Ka je ka gan shi cikin Agusta bayan an ɗauke ruwa, ka tambayi mai unguwa da dattawan wurin ko da can kududdufi ne, sannan ka nemi taswirar hukuma kafin ka miƙa ma dillali ko kwabo.