Tankin lita 50 ya sha lita 54

Habibu: Bar shi kawai, ai ya fara ɗauka. Jama'a assalamu alaikum. Anti Rabi, karanto mana saƙon nan da ya hana guruf ɗinmu barci.

Rabi: Wani mai sauraronmu ne daga Zariya. Ya ce Corolla gare shi, littafin motar ya ce tankinta lita 50 ne, amma a gidan mai aka zuba masa 54. Yana tambaya, sata ce ko kuwa?

Habibu: Ni abin da ya fi ba ni mamaki, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ashe akwai mai cika tanki? Ya turo mana adireshi mu je gaisuwa.

Malam Garba: Kai dai bari. Ku tambaye shi, da kan famfon ya yi ƙas ya tsaya, cewa ya yi ya isa, ko cewa ya yi a ƙara?

Rabi: Ya ce har sai da ya ga mai a baki.

Malam Garba: To kun ji. Lita 50 ɗin nan da kamfani ya rubuta, ban da wuyan tanki, ban da sararin da aka bari a sama da gangan. Akwai ɗan rami a bakin kan famfon, da zarar mai ya toshe shi sai ya katse. Wannan ƙas ɗin, an gama ke nan. Duk abin da ka ɗura bayansa, wurin iska kake cinyewa.

Habibu: To ina ruwana da iska, Malam? Mai na saya.

Malam Garba: Fetur yana kumbura, Habibu. Rumbun gidan mai a ƙarƙashin ƙasa yake, da sanyinsa. Ka ɗauko shi ka ajiye mota a ranar Afrilu ta Sakkwato, zafi ya haura digiri 40. Duk digiri 10, yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100. A lita 50, rabin lita ke nan. Ina za shi?

Rabi: Shi ya sa direbobin Golf a tasha suke girgiza mota, su sama masa wuri.

Habibu: Girgiza kawai? Wasu dutse suke sa wa taya ɗaya, motar ta karkace!

Rabi: Kwandasta a baya, direba a gefe, suna ta rawa da ita.

Habibu: Har fasinja ake cewa, Alhaji fito ka kama mana. Ka biya kuɗin mota, ka kuma yi ƙwadago.

Rabi: Ni da za a rage min kuɗin kujera, wallahi zan girgiza.

Habibu: Anti, ke in kika girgiza ai cokali ɗaya zai shiga.

Rabi: Kai da ko keken ɗinki ba ka iya turawa?

Malam Garba: Kun gama? Golf 3 ɗin nan lita 55 ce, ko a goya ta a baya ba za ta zama Hilux mai 80 ba. Amma ɓarnar da ta fi ba ni haushi ita ce ta gwangwanin gawayi. Motocin zamani suna da shi, aikinsa ya kama tururin fetur ya riƙe, daga baya inji ya zuƙe ya ƙone. Tururi aka yi shi domin shi. In ruwan mai ya gangara ciki ya jiƙa gawayin, sai ka ga fitilar cak injin ta kama, mota tana warin fetur, kana fitowa daga gidan mai ta ƙi tashi sai da gardama. Ka je wajen bakanike, ya canza fulogi, ya wanke injekta, ya karɓi kuɗinsa, cutar tana nan.

Rabi: Masu babur fa?

Malam Garba: Su ne ma abin tsoro. Tanki a saman inji, inji da zafi, mutum yana zaune a kai ko kashewa bai yi ba, ana zuba masa har yana tsiyaya. Tartsatsi ɗaya ya isa. A mota kuma wanda ya malalo fenti yake ci.

Habibu: To mutumin Zariya dai, an cuce shi ko ba a cuce shi ba?

Malam Garba: In ba turo motar aka yi ba, akwai sauran mai a ciki lokacin da ya shiga. Don haka 54 ta yi yawa, ko da ɗurin da ya yi. Ya koma da jarka mai awo ya sayi lita 10 ya gani. In ta gaza, hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai na rufe gidajen mai a kan haka.

Rabi: Waɗanda kake ce wa DPR har yau.

Malam Garba: Bakina ya saba. Sannan barin mai ya yi ƙasa-ƙasa a tanki ma yana da tasa illar, don famfon da ke cikin tanki...

Habibu: Malam, batirin kyamara na ja. Mu bar wannan sai wani makon. Anti, kina da cajar nan?