Yarinyar da aka rubuta wa takardar mutuwa sau biyu

Assalamu alaikum, masu kallo.

Ranar 9 ga Disamba, 2013, aka shiga da wata yarinya 'yar shekara 13 ɗakin tiyata a asibitin yara na birnin Oakland, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sunanta Jahi McMath. Ba wani mugun ciwo ne ya kai ta ba. Minshari take yi, numfashinta yana sarƙewa in tana barci, sai ta tashi a gajiye. Likitoci suka ce a rage mata naman da ya tare hanyar iska a maƙogwaro da bayan hanci, har da belu. Aka yi aiki, ta farfaɗo, ta yi magana da 'yan uwanta, aka ba ta ƙanƙarar tsotsa. Ba a jima ba ta fara tofar da jini.

Kakarta ma'aikaciyar jinya ce, ta san jinin da ya wuce ƙa'ida. Iyalin sun ce sa'o'i suka yi suna roƙon a zo a duba yarinyar da kyau, ana ce musu ba komai. Cikin dare zuciyarta ta tsaya. Aka daɗe ana fama kafin ta dawo bugawa, amma a wannan tsakanin ƙwaƙwalwa ta rasa iskar oksijin. Ranar 12 ga wata likitoci suka kira uwar, Nailah Winkfield, suka ce mata 'yarki ta rasu.

Uwar ta juya ta dubi gado. Ƙirjin 'yarta yana ɗagawa yana sauka. Ta taɓa hannunta, da ɗumi. Allon da ke gefe yana nuna bugun zuciya, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wannan ba gawa ba ce, kuma ba wanda zai kashe mata na'urar da ke tura wa 'yarta numfashi.

Kafin mu bi su kotu, bari mu ga abin da ya sa likita zai kalli jiki mai ɗumi ya kira shi gawa.

 A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda take haɗuwa da laka, akwai wani sashe da bai wuce tsawon yatsa ba. Mu kira shi gindin ƙwaƙwalwa. Shi yake umartar ƙirji ya ja numfashi ko kana barci, shi yake riƙe da makunnin farkawa. Zuciya kuwa 'yar gashin kanta ce. Tana da nata wurin da ke kunna bugu, ba ta jiran umarni daga sama. Muddin jini na kawo mata oksijin, za ta yi ta aikinta. A zamanin kakanninmu wannan bambancin ba shi da amfani, don in ƙwaƙwalwa ta mutu numfashi ya tsaya, bayan 'yan mintoci zuciya ta bi. Sai a shafe wa mamaci ido, a ɗaure masa haɓa, a aika a faɗa wa dangi.

Na'urar numfashi ce ta raba wannan tafiya gida biyu. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Copenhagen na Danmak, yara suna mutuwa don ƙirjinsu ya shanye. Wani likita mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a riƙa tura iska cikin huhu, aka tara ɗaruruwan ɗaliban likitanci suna matsa jakar roba da hannu, dare da rana, ana canji. An ceci rayuka da yawa, daga nan kuma ɗakunan kulawa ta musamman suka samo asali. Bayan shekara 7, a 1959, wasu likitocin Faransa biyu, Mollaret da Goulon, suka ba da labarin majinyatan da ke kan na'ura waɗanda halinsu ya zarce doguwar suma: ba motsi, ba numfashin kansu, ba alamar aiki a ƙwaƙwalwa, zuciya kaɗai ke tafiya. A Disamba 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu. A shekarar da ta biyo, wani kwamiti a Jami'ar Harvard ya ce irin wannan hali shi ma mutuwa ne. A 1981 Amurka ta tsara samfurin doka da jihohi suka ɗauka: mutum ya mutu in zuciya da numfashi sun tsaya ba dawowa, ko in dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa, har da gindinta, sun tsaya ba dawowa.

Kun lura da kusancin 1967 da 1968, ko? Masu shakka ma sun lura, kuma har yau suna kafa hujja da shi, cewa neman gaɓoɓin dashe ne ya haifi sabuwar ma'anar. Kwamitin da kansa ya ambaci dashe cikin dalilansa, tare da nauyin da ke kan iyalai da ƙarancin gadaje. Wannan bai mayar da binciken ƙarya ba, amma ya bar tabon da likita yake tararwa duk ranar da ya zauna da dangin majinyaci.

Yadda ake gwajin kuwa, ba da ka ake yi ba. Sai an san abin da ya lalata ƙwaƙwalwar, an tabbatar jiki bai yi sanyi fiye da kima ba, kuma ba maganin barci ko guba ke danne mutum ba. Sannan a haska fitila a ido a ga ko ƙwayar za ta tsuke. A taɓa idon da auduga. A ɗura ruwan sanyi ƙarara a kunne, wanda in da sauran aiki idanu za su juya. A zura bututu can cikin maƙogwaro a ga ko zai yi tari. Na ƙarshe shi ne mai nauyi: a cire na'urar na kusan minti 8 zuwa 10, ana ba da oksijin, a bar gurɓatacciyar iska ta taru a jini har ta kai matakin da duk gindin ƙwaƙwalwa mai rai sai ya yi yunƙurin jan numfashi. In ƙirji bai motsa ba, magana ta ƙare a wurin likita.

A nan mutane suke yawan haɗa abubuwan da ba ɗaya ba. Mai doguwar suma yana iya farfaɗowa. Akwai kuma wanda saman ƙwaƙwalwarsa ya lalace amma gindin na aiki, yana numfashi da kansa, yana buɗe ido, bai dai san inda yake ba. Haka Terri Schiavo ta jihar Florida ta kasance daga 1990 zuwa 2005, mijinta na cewa a cire bututun abinci don ba za ta so wannan rayuwa ba, iyayenta na cewa a bar musu 'yarsu, har rigimar ta kai majalisar dokokin Amurka. Ita a idon doka tana da rai. Jahi kuwa a idon dokar Kalifoniya ta riga ta mutu, shi ya sa asibiti ya ce ba a yi wa gawa magani.

Iyalin suka ɗauki lauya, Christopher Dolan. Alƙali Evelio Grillo ya sa aka kawo likita daga waje, Paul Fisher na Jami'ar Stanford, ya sake gwaji ana dab da Kirsimeti, ya ce abin da na farko suka gani shi ya gani. Iyalin ba su sauka ba. Sun ce a wani zama wani babban likita ya yi ta nanata musu kalmar ta mutu cikin fushi, shi kuma ya musanta. Ni dai a ganina nan gizo ke saƙa. Mutanen da suka ce sun yi ta kira ba a saurare su ba lokacin da jini ke zuba, su ne bayan kwana uku ake cewa su yarda da bakin asibitin nan, su sa hannu. Ga su baƙar fata a ƙasar da baƙar fata ke da dogon tarihin rashin yarda da asibiti, kuma da dalilinsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Aka ƙare da wata yarjejeniya mai ban mamaki. Aka rubuta takardar shaidar mutuwa, sannan ranar 5 ga Janairu, 2014, aka miƙa Jahi ga ofishin binciken gawa, shi kuma ya miƙa ta ga uwarta, tana kan na'ura. Aka sa ta a jirgi sai New Jersey. Me ya sa can? Tun 1991 jihar take da doka cewa in addinin mutum bai yarda da mutuwar ƙwaƙwalwa ba, ba za a kira shi mamaci ba sai zuciyarsa ta tsaya. Wato jirgin ya tashi da gawa, ya sauka da majinyaciya.

A cikin makonnin nan dai, a jihar Teksas, ana yin rigimar a juye. Marlise Muñoz ta yanke jiki ta faɗi a ƙarshen Nuwamba 2013 da cikin mako 14. Ƙwaƙwalwarta ta mutu. Mijinta da iyayenta suka ce a cire na'ura, ta sha faɗa musu ba ta son a riƙe ta haka. Asibiti ya ƙi, yana kafa hujja da dokar jihar kan mai juna biyu. Sai da alƙali ya ba da umarni aka cire a ƙarshen Janairu 2014.

Mu koma kan Jahi. Masana da dama sun ce jikin ba zai daɗe ba, don haka aka saba gani. Wani asibitin 'yan Katolika ya karɓe ta, aka huda mata maƙogwaro, aka sa bututun abinci. Daga baya aka mayar da ita wani gidan haya, ma'aikatan jinya suna zuwa, uwar tana gyara mata gashi, tana shafa mata jan farce, tana yi mata hira. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Yarinyar ta fara al'ada, abin da ke nuna wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki yana aiki. Hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a 2014 ya nuna babban ɓangare na samanta bai narke ba, ko da yake gindin ya lalace ƙwarai. Uwar ta riƙa ɗaukar bidiyo tana cewa motsa ƙafa, motsa yatsa, a jima gaɓar ta motsa.

Likitoci sun san laka ita kaɗai tana iya sa hannu ko ƙafar wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ta zabura, kuma wannan kan rikita dangi matuƙa. Da yawansu suka ce abin da ake gani ke nan, kuma bidiyon da iyali suka ɗauka ba gwajin asibiti ba ne. Amma Alan Shewmon, ƙwararren likitan ƙwaƙwalwar yara wanda ya daɗe yana sukar wannan ma'ana ta mutuwa, ya kalli bidiyoyin da dama ya ce motsin yana bin umarni fiye da yadda za a ce dace ne. Ra'ayinsa shi ne gwajin 2013 an yi shi daidai, amma daga baya yarinyar ba ta cika sharuɗɗan mutuwa ba. In haka ne, doka na cewa dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa, alhali gwajin gefen gado ba ya duba dukkansu. Wannan giɓin ne ya sa hukumar da ke tsara samfurin dokoki a Amurka ta zauna don gyara dokar 1981, aka yi ta ja-in-ja, a 2023 aka jingine aikin ba a cimma matsaya ba.

Na san tambayar da ke ran da yawanku: me malamai suka ce? Su ma ba su taru a baki ɗaya ba. A 1986, a birnin Amman na Jodan, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar cewa in ƙwararrun likitoci suka tabbatar ayyukan ƙwaƙwalwa sun tsaya gaba ɗaya ba dawowa, kuma ta fara lalacewa, mutum ya mutu a shari'a, ya halatta a cire na'ura. Bayan shekara ɗaya, a Makka, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta Musulmin duniya ta ce ya halatta a cire na'urar in likitoci uku ƙwararru sun tabbatar, amma ba za a yi masa hukuncin mamaci ba sai zuciya da numfashi sun tsaya. Ku lura, dukkansu sun yarda cire na'ura a wannan hali ba kisan kai ba ne. Saɓaninsu yana kan lokacin da rai ya fita.

A asibitocinmu dai, inda na'urorin ba su da yawa kuma dangi ke biyan kuɗin gado kullum, sau da yawa aljihu ne yake yanke hukunci kafin a kai ga alƙali. Rigimar sai ta koma cikin gida, a barandar asibiti, babban wa yana cewa a bar wa Allah ikonsa a daina wahalar da Baba, ƙanwa tana kuka tana cewa in da rai da rabo, ni ba da hannuna ba. Kowannensu Allah yake ambata.

Lokacin kuwa yana da nauyi a wurinmu. Daga shi matar mamaci take fara ƙirga takaba, wata 4 da kwana 10. Daga shi ake sanin magada, don in wani ɗa ya rasu tsakanin ranar da likita ya ce ƙwaƙwalwar uba ta mutu da ranar da zuciyarsa ta tsaya, rabon gado duka yana iya canzawa dangane da ranar da aka ɗauka.

Ita Jahi, hantarta ce ta gaza, jini ya ɓalle mata a ciki, zuciyarta ta tsaya ranar 22 ga Yuni, 2018. New Jersey ta rubuta takardar shaidar mutuwa da wannan kwanan wata. Ta Kalifoniya tana ɗauke da 12 ga Disamba, 2013. A ɗaya tana da shekara 13, a ɗayar 17, tsakaninsu shekara 4 da wata 6 da kwana 10. Aka mayar da ita Kalifoniya, aka yi mata jana'iza a watan Yuli.