Kiɗa da Ƙwaƙwalwa: Abin da Ke Tayar da Tsikar Jiki

Assalamu alaikum. Malamaina da iyayena da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai, barkanku da zuwa. Ban zo yin fatawa a kan hukuncin kiɗa ba, domin wannan fagen malamai ne, ga su kuwa a cikinmu. Abin da ya kawo ni shi ne bayanin abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar mutum idan sauti mai tsari ya shiga kunnensa, musamman kiɗan Turawa na dauri da ake kira kilasik.

Da yawanku kun ji ana cewa kiɗan Mozart, wani shahararren makaɗin kilasik, yana ƙara wa yaro basira. Asalin maganar wani bincike ne da Frances Rauscher da abokan aikinta suka wallafa a 1993 daga Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, inda ɗalibai 36 suka saurari kiɗan na minti 10, sannan suka ɗan fi ƙoƙari a gwajin siffanta abubuwa a zuci. Amfanin bai wuce minti 15 ba ya gushe, kuma babu jariri ko ɗaya a cikin waɗanda aka gwada. Duk da haka magana ta yi ta yaɗuwa, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi a ware dala 105,000 don a raba wa jarirai faifan kiɗan. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa nishaɗi da wartsakewa ne suka taimaki ɗaliban, kuma wani abin saurare da mutum ke so yana iya yi masa wannan aiki. Abin yana damuna, domin wannan jita-jita ta rufe wani bayani da ya fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Bayanin ya fito ne daga Jami'ar McGill ta Kanada. A 2001 Anne Blood da Robert Zatorre suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan kilasik da kowannensu ya zaɓa da kansa, suka ga cewa a lokacin da tsikar jiki ke tashi, sassan da ke motsawa su ne waɗanda ke motsawa idan mutum ya ji daɗin abinci. Wanda aka kunna wa zaɓin wani kuwa, tsikar jikinsa ba ta tashi ba. A 2011 Valorie Salimpoor ta nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da jin daɗi, a matakai biyu: daƙiƙoƙi kaɗan kafin wurin da mai saurare ke jira ya iso, da kuma lokacin da ya iso. Ke nan wani babban kaso na daɗin kiɗa yana cikin jiran ne. Ƙwaƙwalwa tana hasashen sautin da zai biyo baya, makaɗi ya ja mata rai, ya kauce, sannan ya ba ta abin da take tsammani. Kiɗan kilasik ya gwanance a wannan jan rai, domin yakan ɗauki rabin awa ko fiye yana barin jigonsa yana komowa.

To amma ƙwaƙwalwa ba ta iya jiran abin da ba ta saba da shi ba, kuma mu mutanen Maraɗi mun san haka tun kafin a ƙera na'urar hoto. Ku dubi ɗan kokawa a gefen fili, yana zaune jikinsa a sake, ana kiɗa bai kula ba. Da zarar makaɗi ya juya hannu ya ɗauko takensa, kafin a yi bugu uku za ka ga kafaɗunsa sun fara rawa, numfashinsa ya sauya, ya zabura ya shiga fili yana kirari. Baƙon da ke tsaye kusa da shi ya ji bugun nan ɗaya, amma bai ji komai a jikinsa ba, saboda ba a gina masa wannan jiran ba. Haka tambari da kakaki suke yi wa wanda ya tashi a kusa da fadar Katsinan Maraɗi ko ta Gobir a Tibiri.

Akwai ɗan abin da dukkan 'yan Adam suka yi tarayya a kai. A 2009 an kunna wa 'yan ƙabilar Mafa na arewacin Kamaru kiɗan Turawa da ba su taɓa ji ba, suka iya bambance na murna da na baƙin ciki da na tsoro fiye da yadda cinta za ta bayar. Amma a 2016 aka tarar 'yan Tsimane na Boliviya ba su fifita haɗin sautin da Turawa ke ɗauka mai daɗi a kan wanda suke ɗauka mara daɗi ba.

Inda na fi so ɗaliban kiwon lafiya su saurara shi ne batun majinyata. A 2008, a ƙasar Finlan, an bi mutum 60 da suka samu shanyewar ɓarin jiki, sai aka ga waɗanda suka riƙa sauraron kiɗan da suke so kullum har wata biyu sun fi sauran farfaɗowa wajen tuna kalmomi da tattara hankali. A 2015 mujallar likitanci ta Lancet ta tattara gwaje-gwaje 73, ta nuna kiɗa yana rage zafi da fargaba ga waɗanda aka yi wa tiyata. Wannan ba ya maye gurbin maganin likita. Amma idan kuna jinyar dattijo a gida, kuma shi mai son saurare ne, ku tambaye shi abin da ya tashi yana ji, ku sa masa a waya da sauti ƙasa-ƙasa, domin ƙwayoyin ji na cikin kunne idan ƙara ta lalata su ba sa sake tsirowa.

Nan zan dakata in saurari tambayoyinku.