Ɓaraka a shafukan intanet na kamfanoni

(An rubuto daga rikodin laccar da aka yi wa ma'aikatan kamfanoni a Garwa, Kamaru)

Assalamu alaikum. Malamai, Alhazai, 'yan'uwa, sannunku da zuwa.

Maganarmu yau a kan shafin nan ne da kamfani ke buɗe wa ma'aikata da abokan ciniki, inda mutum zai sa suna da kalmar sirri ya ga takardar albashinsa ko rasit ɗinsa. Kamar zaure yake: yana kallon titi, amma ta cikinsa ake isa tsakar gida.

Ku duba allo. Na shiga shafin gwaji, na buɗe rasit ɗina, ga adireshin can sama ya ƙare da 4512. Na goge 2, na sa 3, na danna. Kun gani? Rasit ɗin wani ne ya fito, da sunansa, da lambar wayarsa, da bashin da ake binsa. Manhajar ta tantance ni a lokacin shiga, amma ba ta ƙara tambaya ko takardar nan tawa ce ba. Wannan ba sai gwani ba, yaron sakandare ma zai iya. Shi ya sa ƙungiyar OWASP, mai aiki kan tsaron manhajoji, ta sa irin wannan sakacin a sahun farko na jerinta na manyan haɗurra na 2021. Amma don Allah kada wani ya fita nan ya je gwadawa a shafin da ba nasa ba, dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet tana nan daram.

Abin da ya fi damuna kuwa jinkiri ne. A 2017 kamfanin Equifax na Amurka, mai tara bayanan bashin mutane, yana da shafin karɓar koke da aka gina da wata manhajar haɗa shafuka mai suna Apache Struts. An gano ɓaraka a manhajar, an fitar da gyara a watan Maris. Ba su saka ba. Ɓarayi suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutum wajen miliyan 147 sun riga sun fita. Ku sani, ranar da aka sanar da gyara, ranar ɓarayi ma suke karanta sanarwar.

Yanzu ku dawo gida. An ɗauko wani daga Duwala ya haɗa shafi, an biya shi, ya kama hanya. Wa zai riƙa sabuntawa? Kwangila ba ta faɗa ba. Da matsalar Log4j, wani guntun manhaja da ake sakawa cikin wasu manhajoji, ta ɓulla a Disamban 2021, kamfanoni da yawa a duniya ba su ma san akwai shi cikin manhajarsu ba, balle su gyara.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka sa hannu ka biya cikon kuɗi, ka nemi a rubuta maka jerin duk abin da aka gina shafin da shi, da sunan wanda zai saka gyara, da kwanakin da aka ɗibar masa. Kada ka jira sai jami'an ANTIC, hukumar Kamaru mai kula da fasahar sadarwa da tsaron intanet, sun zo bincike su tambaye ka.